Abin da Auta Ba Ta Ƙarasa Faɗa Ba

Litinin, ƙarfe shida na safe

Auta ba ta ɗauki wayata ba. Sau huɗu jiya, sau ɗaya yanzu. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ta yi wayo, kuma tunda muka mallaki waya ba ta taɓa barin kirana ya katse ba.

Wannan littafin awon kwastomomi ne na juya ta baya, domin ba ni da wanda zan gaya wa. Ni da kowa ke kawo wa tasa! Shekara goma sha ɗaya ina shugabar zumuntar mata a ikkilisiyarmu. Maman Addu'a ake ce mini, har masu kawo mini ɗinki.

Jiya a sujada Fasto ya karanta sanarwa. Majalisar dattawa ta dakatar da mijin Auta daga raba jibin Ubangiji, zai koma bencin baya har a gama bincike. Kafinta ne, da sunan sana'ar kowa ke kiransa, kuma shi ya ƙera bencin nan da duk sauran. Ya tashi ba musu ya koma baya. Auta ta bi shi ta zauna a gefensa, ko sau ɗaya ba ta dubi inda nake ba.

Ni dai addu'a na yi. Addu'a laifi ce?

Litinin, ƙarfe uku na rana

Na ɗinka hannun riga a baibai. Na warware, na sake ɗinka shi a baibai.

Talata, ƙarfe ɗaya na rana, a shago

Bari in rubuta yadda aka yi, in gani ko akwai inda na kauce.

Yau sati biyu ke nan Auta ta shigo shagon nan. Ina kan keke, rigunan mawaƙa ashirin da huɗu a gabana, ana so ranar Asabar. Ta zauna a kujerar masu jiran kaya, ta rungume jaka a cinya. Ta ce, "Yaya, kina da lokaci?" Na ce, "Faɗi, ina ji." Ban daina taka keke ba, allura ma tana bakina.

Ta ce kwanan nan maigidanta ba ya dawowa kan lokaci. Zai rufe shago ƙarfe biyar, sai bakwai ya shigo, in ta tambaye shi inda ya tsaya sai ya yi shiru. Ta ce, "Shekaranjiya kuma ya dube ni ido cikin ido, ya kira ni da sunan wata. Yaya, sunan..."

Nan na cire allurar daga bakina. Na ce, "Ya isa! Na gane. Shekara nawa ina jin irin wannan?" Na kama hannuwanta biyu na ce mu yi addu'a. Kuma na yi ta, ba ta wasa ba. Na tsauta wa baƙuwar mace duk inda take, na ɗaure, na kwance, har mai shagon kusa ya rage rediyonsa. Ana tsakiyar addu'a na ji tana jan hannunta, sai na ƙara riƙewa, na ɗauka kuka ne ya zo mata. Da na ce amin, ta ce amin. A bakin ƙofa ta juyo kamar za ta yi magana, na ce, "Je ki, an gama da shi a sama." Na koma kan keke.

Abin da ya faru washegari ba zan rubuta shi yau ba.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Na dawo daga taron addu'a. Sakatariyar zumunta ta rungume ni a ƙofa tana cewa Allah ya tona asiri ta bakina. Wai da dattawa suka tambayi Kafinta inda yake zuwa da yamma, cewa ya yi bai sani ba. Sau uku suna tambaya, sau uku yana cewa bai sani ba. Ta ce, "Kin ji taurin kai? Ruwa ba ya tsami banza, Mama." Na ce haka ne.

To, ga abin da na yi a wancan taron, washegarin zuwan Auta. Da aka zo karɓar buƙatun addu'a na miƙe. Ban ambaci suna ba, Allah shaida. Cewa na yi mu tuna da wata 'yar'uwa, tawa ta jini, wadda mijinta dattijo ne a gidan Allah, mai aikin hannu, kuma wata ta shiga tsakaninsu. Mata arba'in suka ɗauka da ƙarfi. Auta ba ta wurin.

Na gaya wa Maigida haka ɗazu yana shan shayi, na ce ai ban faɗi suna ba. Ya ajiye kofi ya ce, "Ƙanne nawa gare ki?" Na ce ɗaya. Ya ce, "To." Mutumin nan da "to" ɗinsa, wata rana sai ya kashe ni.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Ba ta ɗauka ba.

Asabar, ƙarfe goma na safe

Na je gidansu. An kulle ta ciki, ina jin motsin kwanuka. Na ƙwanƙwasa na ce, "Auta, ni ce." Motsin ya tsaya. Na tsaya ni ma, da uban ɗaurin kaina, maƙwabta suna leƙe. Daga baya na ɗaga murya na ce zan yi musu addu'a daga nan waje. Sai na ji an rufe taga.

Na dawo ina huci. Na ce wa Maigida yarinyar nan ba ta san mai ƙaunarta ba, wa ya tsaya mata in ba ni ba? Ya ce, "Ita me ta ce ki yi mata?" Ban san abin da ta ce in yi mata ba, domin ba ta kai wurin ba.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Bencin baya, su biyu. Yau har ba wanda ya zauna a bencin da ke gabansu.

Fasto ya yi wa'azi kan makahon nan na bakin hanya. Ya ce Yesu yana ganin mutumin makaho ne, kowa ma ya gani, amma sai da ya tsaya ya tambaye shi abin da yake so, ya jira amsa. Na yi ta gyara zama. Wanzami ba ya son jarfa.

Talata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Dole in rubuta wannan.

Ƙarfe biyar da rabi ina haɗa kaya zan rufe, sai ga Kafinta a ƙofar shago, tef ɗin awo a hannu, fensir a bayan kunne. Na ce a raina yau ranar faɗa ce. Sai ya yi murmushi ya ce, "Yaya, sannu da aiki. Teburin nan naki ne na zo dubawa." Teburin yanka da ya yi mini shekara goma sha biyar da suka wuce, ba abin da ya same shi.

Ya auna tsawonsa ya rubuta a tafin hannu. Ya auna faɗi. Ya sake auna tsawo, ya sake rubutawa a ƙarƙashin na farko. Sau uku. Sannan ya ɗago ya ce, "Yaya jikin Mama? Ƙafar ta yi sauƙi?"

Mamanmu shekararta tara a ƙasa. Shi ya ƙera akwatin gawarta, ya ƙi karɓar ko sisi.

Na ce, "Da sauƙi." Ban san lokacin da na faɗa ba.

Ya yi sallama ya fita. Na leƙa na gan shi tsaye a mararraba, ya dubi dama, ya dubi hagu, ya ɗauki hanyar da ba ta zuwa gidansa. Na kulle shago na bi shi da sauri, na ce ai ni ma wajensu zan je, mu tafi tare. Ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Yawwa. Sun canza hanyoyin nan duka." Ba abin da aka canza. Hanyar da yake bi shekara talatin ce.

To ashe nan yake zuwa daga biyar zuwa bakwai. Neman gida yake.

Auta ta buɗe ƙofa, ta dube shi, ta dube ni, ta gane na gani. Ta riƙe hannunsa ta shigar da shi. Ta ce, "Na gode," kamar yadda ake gode wa baƙo, ta rufe.

Laraba, ƙarfe biyar da rabi na asuba

Na durƙusa, ban iya cewa komai ba. Ni.

Laraba, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na ɗauki waya zan kira Fasto in gaya masa gaskiyar lamarin, a wanke bawan Allah yau yau, a kuma sa shi cikin addu'a. Har na danna lamba. Maigida ya zo kawo mini mukullin gida, ya tambaya wa nake kira, na gaya masa komai. Ya karɓi wayar daga hannuna, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce, "Wa ya aike ki?"

Na ce gyara zan yi. Ya ce, "Wancan karon ma gyara kika je yi. Matarsa tana da baki, ta san hanyar ofishin Fasto. In ta zaɓi a kira mijinta mazinaci a kan a san wannan, akwai dalili, kuma ba ki ji shi ba tukuna. Ki faɗi naki, ki bar mata nata."

Na ce mene ne nawa? Ya ce, "Kin sani." Ya ajiye mukulli ya tafi.

Na sani. Ba zan je taron addu'a ba yau, na aika cewa kaina ke ciwo. Ƙarya ce, ita ma a rubuta.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Ina ta lissafa su. Matar da ta zo bara tana cewa ɗanta ya daina magana da ita. Yarinyar mawaƙa da ta ce tana da tambaya. Gwauruwar nan mai zuwa duk Juma'a ta zauna ta yi ta juya zobenta. Dukansu na kama hannunsu tun ba su dasa aya ba. Fita suke yi suna godiya, ni kuma ina jin daɗi wai na sauke musu kaya. Yanzu ban san ko ɗaya daga cikinsu me ya kawo ta ba.

Gaskiya ita ce ba na son jin ƙarshen magana. Tsoronsa nake. In na yi addu'a da wuri na huta, ba sai na zauna da abin da ba ni da maganinsa ba. Na yi ta rufe bakin mutane da sunan Ubangiji, ina ce masa hidima. Kunya nake ji har cikin ƙashina.

Juma'a, ƙarfe biyar da kwata na yamma

Na rufe shago da wuri na tsaya a mararraba. Ya zo, na ce hanyarmu ɗaya. Na raka shi har ƙofa na juya kafin a buɗe.

Lahadi, ƙarfe uku na rana

Na yi.

Na roƙi Fasto minti biyu bayan sanarwa. Ya ɗauka maganar taron mata ce. Na tsaya a gaba. Na ce, "'Yan'uwa, abin da na kawo a taron addu'a game da gidan ƙanwata, ba ta faɗa mini shi ba. Ta fara magana na katse ta, na ƙarasa da kaina. Ba wata mace. Ni na ƙirƙira ta, na sa ta cikin addu'a, kuka ce amin. Na ɓata sunan mutumin da bai yi mini komai ba sai alheri. In akwai mai zama a bencin baya, ni ce."

Wani dattijo ya ce, "To ina yake zuwa da yamma?" Maganar ta zo mini har kan harshe, wallahi da na faɗa da an tausaya mini ni ma. Na ce, "Wannan ba nawa ba ne." Na sauka na nufi baya.

Auta ba ta matsa mini ba. Kafinta ne ya matsa, ya share wurin da hannunsa ya ce, "Zauna, Yaya, wannan katakon mai kyau ne."

Bayan an tashi Sakatariya ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Da ni ce ita, haka zan yi.

Litinin, ƙarfe tara na safe

Fasto ya kira. Dattawa za su zauna ranar Alhamis su janye dakatarwar. Ya ce ni kuma in ɗan huta da shugabancin zumunta. Na ce to. Ashe kalmar ba ta da wuyar faɗa.

Magana zarar bunu ce. Akwai waɗanda har su mutu za su ce rufa masa asiri na yi don surukina ne.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Saƙo daga Auta: "Ki zo ƙarfe goma. Yana shago."

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta buɗe mini, ba gaisuwa mai tsawo. Muka zauna a kicin, kwanukan safe ba a wanke ba, ita da ba ta barin cokali ya kwana. A jikin kowace ƙofar kabad an manna takarda da rubutunta: kofuna, sukari, magani.

Ta ce, "Yaya, zan yi magana. Ba na son 'Allah sarki', ba na son aya, ba na son labarin wata da irin haka ta same ta. In kika kama hannuna, tashi zan yi." Na ce to. Na san halina, saboda haka na zaro allura daga gefen zanena na sa a baki, kamar ina kan aiki. Ta dube ni, ta kusa yin dariya, ba ta yi ba.

Ta ce sunan da ya kira ta da shi na yayarsa ne, wadda ta raine shi, ta rasu tun kafin aurensu. Kalma biyu suka rage ta faɗa mini ran nan.

Ta ce wata takwas ke nan. Ya fara da manta inda ya ajiye guduma, ya kai ga yanka katako ɗaya sau biyu. Likita ya gaya musu sunan ciwon, ya ce ba ya komawa baya. A hanyar dawowa daga asibiti Kafinta ya tsaya ya sa ta yi alkawari kada kowa ya sani tun yana iya riƙe zarto, domin ba mai ba wa mai mantuwa aiki, kuma ba ya so a riƙa yi masa magana da ƙarfi kamar yaro. Ta ce ranar da ta zo shagona ta yi niyyar karya alkawarin saboda ni kaɗai, domin ta gaji da ɗauka ita ɗaya.

Sau uku maganar ta taso mini. Na cije allura.

Ta ce tana jin haushinsa wani lokaci, har ta yi masa tsawa, sai ya ba ta haƙuri bai san laifinsa ba. Ta ce ta daina addu'a tun wata uku, in ta durƙusa ba abin da take ji sai ƙarar firji. Ta dube ni tana jira in yi tsalle. Ban motsa ba. Ta ce, "Ba maganin ciwon na zo nema wurinki ba, Yaya, na san ba ki da shi. So nake wani ya san abin da nake ciki. A duniyar nan mutum ɗaya ne ke jina in na yi magana, shi ne kuma yake tafiya."

Daga nan ta yi kuka, ta yi shiru, ta sake magana. Shirun ya fi komai wuya, amma na lura duk lokacin da na bar shi, sai wata maganar ta fito wadda ta fi ta baya nauyi. Awa biyu da rabi. Shekara arba'in da shida ina yayarta, yau na san tana tsoron zama ita kaɗai a gida.

Ƙarfe ɗaya Kafinta ya shigo cin abinci, wani maƙwabci ya rako shi. Na cire allura, na durƙusa a gabansa na ce ya yafe mini abin da na yi masa. Ya dubi Auta, ya dube ni, ya ce, "Me kika yi, Yaya? Tashi mana, ƙasa da sanyi." Na ce na ɓata masa suna. Ya yi dariya ya ce, "Ke? Haba." Ya tambaya ko teburin yana nan lafiya.

Na so ya zage ni. Na yi latti, wanda zan roƙa gafara bai san an yi ba. Wannan zan ɗauka in tafi da shi.

Da zan tafi Auta ta rako ni bakin ƙofa. Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma tambaya ba. Ta ce, "Gobe ƙarfe biyar da kwata, ki tsaya masa a mararraba. Ya ce akwai wata mata mai kirki da hanyarsu ɗaya." Na ce zan tsaya.

Sai ta miƙo mini hannuwanta biyu da kanta ta ce, "Yanzu ki yi."

Na riƙe su. Na nemi duk kalmomin nan nawa, ba ko ɗaya. Muka tsaya haka, mashin ya wuce, wani yana kiran mai ruwa. Na ce, "Ya Uba, ka ji abin da ta ce."

Auta ta jira sauran. Da ta ga babu, ta ce amin.